Ƙaramar Na'urar Sikanin a Bakin Gado: Abin da Take Dubawa Idan Mai Ciki ko Mai Jego Ta Samu Shanyewar Ɓarin Jiki

'Yar'uwa mai juna biyu, kin saba da sikanin a matsayin hoton da ake tura ki ki yi domin a ga kwanciyar jariri da watannin ciki. To yanzu akwai ƙananan na'urorin sikanin da ake ɗauka a kai wa marar lafiya har gadonta. Wata ana turo ta a kan ƙaramin keke, wata kuma da wayar hannu ake jona ta.

Wani dare ina aiki aka kawo mana wata mata mai cikin wata 8, bakinta ya karkace, hannunta na dama ya saki. Da likita ya gama duba cikin sai ya mayar da kan na'urar ƙirjinta, daga nan ya hau wuya. Mijinta ya matso kusa da ni ya ce, "Sista, ai cikin yana ƙasa, me ya kai na'urar wuya?" Tambayarsa tana kan hanya, kuma ita ce dalilin wannan rubutu.

Shanyewar ɓarin jiki daga ƙwaƙwalwa take farawa, ba daga hannu ko ƙafar da ta saki ba. Iri biyu ce. Ko dai gudan jini ya toshe wata jijiya, wani sashen ƙwaƙwalwa ya rasa jini, ko kuma jijiyar ta fashe jini ya malala a cikin kai. Masu ciki sun fi shiga haɗarin a ƙarshen ciki, da lokacin haihuwa, da makonni 6 na farko bayan haihuwa, wato kusan kwanakin arba'in ɗin jego. A wannan lokacin jinin mace yana saurin daskarewa, domin ya kare ta daga zubar jini wajen haihuwa. Babban sanadi kuwa a wurinmu shi ne hawan jinin masu ciki, wanda yake kaiwa ga jijjiga. Awon jini da ya kai 140 bisa 90 hawan jini ne. Idan ya kai 160 bisa 110, ba a kwana da shi a gida.

To me ake nema da na'urar? Rai biyu ne a gadon, saboda haka akan fara da ciki. Cikin 'yan mintoci za a ga bugun zuciyar jariri, da kwanciyarsa, da yawan ruwan da yake ciki, da inda mabiyiya take. Wannan yana taimaka wa likitoci su yanke shawara ko za a jira, ko za a sauke uwar domin ceton ranta da na ɗan.

Sai zuciyar uwa, kuma a nan nake so ki ƙara natsuwa. Akwai ciwon zuciya da yake kama mata a ƙarshen ciki ko a watannin jego, zuciya ta buɗe ta yi rauni, ta kasa tura jini yadda ya kamata. Arewacin Nijeriya na cikin wuraren da aka fi ganinsa a duniya. Likitocin Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, suka danganta shi da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi da shan kunun kanwa. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna yana kama har waɗanda ba su yi waɗannan al'adu ba, kuma hawan jinin ciki da rashin abinci mai gina jiki suna da hannu a ciki. Idan zuciya ta yi rauni jini yakan kwanta a cikinta ya daskare, sai wani gutsure ya ɓalle ya bi jijiya zuwa ƙwaƙwalwa. Na'urar tana nuna ƙarfin bugun zuciyar, wani lokaci har gudan jinin ma a gan shi. Daga nan akan leƙa huhu a ga ko ruwa ya taru, domin mu san yadda za mu sa ƙarin ruwa. Ruwan da ya yi yawa ga mai hawan jinin ciki yana iya shaƙe ta.

A wuya kuma akwai manyan jijiyoyi da suke kai jini ƙwaƙwalwa, ana duba ko ɗaya ta tsuke ko ta toshe. Za ki iya ganin an ɗora na'urar a gefen kai, tsakanin ido da kunne, inda ƙashi bai da kauri, domin a auna gudun jini a jijiyoyin ciki. Ba kowa ake samun gani ta nan ba, wasu ƙashinsu ya yi kauri. Irin wannan awon ne ake yi wa yara masu sikila 'yan shekara 2 zuwa 16 domin a gano wanda yake cikin haɗarin shanyewa tun kafin ta same shi, kuma an yi aiki mai yawa a kan haka a Kano. Idan kina da ɗa mai sikila, ki tambaya a asibitin da ake duba shi.

Wanda ya fi tayar wa dangi hankali shi ne na ido. Ana rufe idon, a shafa man sikanin a kan fatar, a ɗora na'urar a hankali. Ba idon ake dubawa ba, jijiyar da take bayansa ce. Idan ƙwaƙwalwa ta kumbura, rigar da ta lulluɓe jijiyar takan ƙara faɗi. Babu zafi, babu allura, kuma na'urar da sauti take aiki, ba irin hasken hoton ƙashi ba.

Amma fa akwai abin da ba ta iyawa. Ba za ta tabbatar ko toshewa ce ko fashewa ba, alhali maganinsu ya sha bamban: maganin da yake tsinka jini ya taimaki mai toshewa, shi ne zai ƙara wa mai fashewa zubar jini. Babbar na'urar hoton ƙwaƙwalwa, wadda ake kira siti-sikan, ita take raba gardama. Na sha jin dangi suna cewa, "Ai an riga an yi mata sikanin a gado, wane hoto kuma?" Na san kuɗin yana da nauyi, amma ba maimaici ba ne. Kada kuma tsoron jariri ya sa a ƙi. Kai ake ɗauka, hasken da yake isa ciki kaɗan ne ƙwarai.

Maigida, da uwar miji, da duk wanda yake zaune da mai ciki ko mai jego, ga naku aikin. Idan kun ga baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta saki, ko magana ta sarƙe, ko gani ya dushe, ko ta ce kanta yana ciwon da ba ta taɓa jin irinsa ba, ku dubi agogo ku riƙe lokacin, ku nemi mota. Allurar da take narkar da gudan jini, a inda ake da ita kuma likitoci suka ga ta dace, cikin awa 4 da rabi daga farawar alamun ake yin ta. Kada a ɗura mata komai ta baki, ko ruwa, ko kunu, ko rubutu, domin haɗiya takan lalace, abin ya wuce huhu. Kada a ba ta asfirin ko maganin hawan jinin wani. Idan tana jijjiga a kwantar da ita ta gefen hagu, kada a cusa mata cokali a baki. Addu'a a yi ta a cikin mota, ana tafiya. Ku taho da katin awonta.

Ke kuma da aka ce jininki ya hau a wajen awo, kada ki ɗauka haihuwa ta kawo ƙarshen maganar. Jini yakan ƙara hawa tsakanin kwana 3 zuwa 6 bayan haihuwa, daidai lokacin da gida ya cika da shirin suna. Ki ci gaba da shan maganinki, ki bar kunun kanwa, ki dawo a auna ki a ranar da aka rubuta miki, ko da kina jin garau.