Kiɗan Rakiya a Fiyanon Zamani: Tsakanin Mawaƙi da Na'ura, Wa ke Bin Wani?

Abin da Hausawa ke kira "kiɗan fiyano" ba daga fiyano na ainihi mai tsirkiyoyi yake fitowa ba. Yana fitowa ne daga wata na'urar lantarki mai allon latsawa, wadda ke iya kaɗa ganga da bes da sauran kayan kiɗa da kanta, yayin da makaɗi ke fitar da karin waƙa da hannunsa. Jerin PSR na kamfanin Yamaha shi ne ya yi fice a situdiyoyin Kano tun shekarun 1990, kamar yadda Abdalla Uba Adamu ya nuna a nazarce-nazarcensa kan waƙoƙin finafinan Hausa, kuma waƙar fim ɗin Sangaya na 1999 tana cikin waɗanda suka yaɗa wannan amo. Wannan maƙala ta taƙaita ne kan yadda ake shirya kiɗan rakiya a irin wannan na'ura domin a bi shi a dandali, da abin da hakan ke yi wa dangantakar mawaƙi da makaɗi.

Hanyoyi biyu ake bi. Ta farko ita ce a naɗi kiɗan gaba ɗaya tun a gida, layi bayan layi, bisa tsarin MIDI wanda ya fito a 1983. Wannan tsari ba sauti yake adanawa ba, umarni ne kawai: wane maɓalli aka latsa, da wane ƙarfi, tsawon wane lokaci. Yana da layuka 16, kuma bisa ƙa'idar General MIDI ta 1991 an keɓe layi na 10 ga ganguna. Makaɗi yakan fara da ganga, ya ɗora bes, ya bi da sauran, sannan ya bar layi ɗaya fanko, wanda zai kaɗa da hannu ranar biki. Tun da umarni ne, ana iya rage sauri ko a ɗaga amo domin ya dace da muryar mawaƙi ba tare da kiɗan ya gurɓata ba. Sai dai tsawonsa a ƙayyade yake. In ya ƙare, ya ƙare.

Hanya ta biyu ita ce ta salo, wanda 'yan situdiyo ke kira sitayil. Salo gajeren zubi ne na kiɗa da ke ta maimaita kansa har sai an tsayar da shi. A na'urorin Yamaha yana da sassa takwas: biyu na ganguna, ɗaya na bes, biyu na haɗin sautuka, ɗaya na amon da ke shimfiɗe a ƙarƙashi, biyu na ƙawa. Akan raba allon gida biyu. Ɓangaren hagu, wajen sulusin allon, ba kiɗa ake yi da shi ba, umarni ake ba na'ura: duk haɗin sautukan da makaɗi ya riƙe a can, bes da sauran sassa sai su koma kansa, ganguna kuwa su ci gaba yadda suke. Hannun dama ya rage wa karin waƙa. Kowane salo yana da mabuɗi da marufi, da zube-zube na gundarin kiɗa, da ɗan ciko da ake jefawa idan za a sauya zubi.

Bambancin hanyoyin nan biyu ya wuce na fasaha. A waƙar baka, kamar yadda Sa'idu Muhammad Gusau ya fayyace, waƙa tana tafiya ne tsakanin gindi da ɗiya, tsakanin jagora da 'yan amshi, kuma ba a ƙayyade yawan ɗiyan tun kafin a fara. Makaɗan kalangun Mamman Shata shi suke saurare. In wani mai kyauta ya shigo fili, jagora ya ƙara masa ɗa, kiɗa ya jira shi. Naɗaɗɗen kiɗa ya juya wannan tsari, domin mawaƙi ne ke bin na'ura. In ya tsaya yi wa uwar amarya kirari, kiɗan ya wuce ya bar shi. Salo kuwa ya fi kusa da tsohon tsari: makaɗi na iya riƙe zubi ɗaya muddin ana liƙi, ya jefa ciko daidai lokacin da amshi zai shigo, ya rufe in jagora ya ɗaga masa hannu. Saboda haka salo ya fi dacewa da filin biki, naɗaɗɗen kiɗa kuma da waƙar da jama'a suka riga suka haddace daga faifai.

Duk da haka akwai abin da salo ba ya iyawa. Waɗanda suka ƙera na'urar sun gina ta ne bisa kiɗan da ke tafiya da sauyin haɗin sautuka, alhali ƙarfin kiɗan Hausa yana cikin bugu da kari. Salon da ke zuwa da ita daga masana'anta, irin su rege da disko, ba su san zubin kotso ko na taushi ba, dole makaɗi ya gina nasa. A nan ne yake haɗuwa da maɓallin daidaita bugu, wanda ke jan kowane bugu zuwa gurbi mafi kusa a ma'aunin na'ura. In aka zaɓi ma'aunin da ke raba bugu gida huɗu ga kiɗan da ke tafiya uku-uku, sai armashinsa ya mutu, ya koma kamar faretin soja. Gwanaye sukan zaɓi ma'aunin uku, ko su bar wani layi ba daidaitawa.

Kalangu ya fi kowanne wuya. Makaɗi yana matsa tsarkiyarsa a hammata, amo ya hau ya sauka a cikin bugu ɗaya, har ya kwaikwayi karin sautin Hausa, mai sauraro ya ji take ko kirari. Allon fiyano kuwa an tsara shi ne bisa matakai 12 masu tazara ɗaya. Akwai ɗan gargare a gefen hagu da ke lanƙwasa amo, akwai kuma manyan na'urori da ke karɓar sautin da aka naɗo daga kalangu na gaske, amma abin da suke maimaitawa bugu ne guda da aka daskarar, ba magana ba. Wannan ne ya sa a wasu bukukuwa akan ga mai kalangu tsaye kusa da mai fiyano: na'ura na riƙe da awo, shi kuma yana kiran sunaye.