Farantin ƙarfen da ke dafa kebul a ɓoye

A ɗakin taransifoma ko na babban janareta, mai gyaran wuta kan kai hannu ƙasan akwatin rarraba wuta, inda manyan kebul ke shiga, sai ya ji farantin ya ɗau zafi rau. Fis bai ƙone ba, ba a ɗora wa layin abin da ya fi ƙarfinsa ba, kusoshi kuma a ɗaure suke tamau. Laifin na farantin ne.

Wutar da muke amfani da ita a Najeriya da Nijar tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, kuma duk wayar da ta ɗauko ta tana kewaye da ƙarfin maganaɗisu mai juyawa da wannan saurin. A 1831 Michael Faraday ya gano cewa maganaɗisu mai sauyawa yana haifar da wuta a ƙarfen da ke kusa da shi. A 1855 Léon Foucault na Faransa ya nuna yadda wannan wuta ke zagayawa a cikin ƙarfe har ya yi zafi.

Idan wayoyi uku na layi ɗaya suna cikin kebul guda, maganaɗisunsu yana kashe juna. Matsala tana tasowa ne a manyan layuka, inda kowace waya ke tafiya ita kaɗai. In aka huda rami uku a farantin baƙin ƙarfe, kowace ta bi nata, to ƙarfen ya yi mata zobe, ya tattara maganaɗisun, ya riƙa gasa robar kebul ɗin dare da rana har ta bushe ta tsage. Kuɗin wutar da ta tafi a zafi kuma mai gida ne zai biya.

Shi ya sa ƙa'idar Birtaniya ta BS 7671 ta hana a bar baƙin ƙarfe ya kewaye waya ɗaya ita kaɗai. Faranti da maƙalai su zama na alminiyum, ko tagulla, ko ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316. Sulken irin wannan kebul ma na alminiyum ake yi. In ba makawa sai baƙin ƙarfe, a shigar da wayoyin ta rami ɗaya, ko a tsaga tsakanin ramukan don zoben ya yanke.

Na san baƙin ƙarfe ya fi araha, ga shi kowane mai walda yana da shi, amma wannan arahar ba ta kai kuɗin sabon kebul ba, balle asarar gobara. Mai ba da kwangila, kafin a ɗaura faranti ka manna masa maganaɗisun tsohuwar lasifika. In ya kama, kada ka yarda a huda wa kowace waya raminta.