ALLURAR DA TA RABA KAN GIDANMU: Shaye-shaye Cuta Ce Ko Iskanci?

 Na daɗe ina juya maganar nan a raina, in rubuta ko in bari, domin sirrin gidanmu ne. Amma Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma wadda abin ya faru da ita da bakinta ta ce mini, "Yaya rubuta, ki dai sakaya sunana, wataƙila wata ta tsira."

'Yar ƙanwar mahaifiyata ce, a wata unguwa cikin tsohon garin Sakkwato, ba nisa da Hubbare. Yarinya ce kyakkyawa son kowa, ga kunya ga ƙoƙari a makaranta, tana aji biyar na sakandare, har an kawo kuɗin gaisuwarta. Sai dai tana da ciwon sikila tun haihuwa. Duk wadda ta taɓa jinyar mai sikila ta san yadda hunturun Sakkwato yake yi musu. Ƙashi ya ɗauki ciwo kamar ana sara shi da gatari, yarinya ta kwana tana birgima tana kiran sunan Allah.

A asibiti likita ya sa aka yi mata wata allura mai kashe zafin ciwo da ake kira Pentazocine, wadda yara suke ce wa "fenta". Magani ne na gaskiya, kuma a kan ƙa'ida aka ba ta. Inda gizo ya yi saƙar shi ne bayan an sallamo ta. Ciwo ya tashi da tsakar dare, ba kuɗin asibiti, sai aka ruga wurin wani mai kemis a unguwa ya yi mata allurar ba tare da takardar likita ba. Yau da gobe sai Allah. Daga sau ɗaya a wata aka koma duk mako, daga nan kullum, daga ƙarshe ta koyi tsira wa kanta. Ta sayar da 'yan kunnenta, ta sayar da sarƙar da saurayinta ya ba ta. Wasu ƙawayenta uku, waɗanda ba abin da yake damun su, su ma suka ɗanɗana suka kamu. Kuɗinsu bai isa kowa ta sayi sirinji nata ba, sai su yi karo-karo su sayi maganin, allura ɗaya ta zagaya su huɗu.

Asiri ya tonu ne ranar da Inna ta shiga ɗaki ba zato ta ga cinyar yarinyar. Wai! Duk gyambo ne, naman ya ƙandare kamar icce. Haka fenta take yi wa wurin da ake yawan tsira ta.

TARON DA AKA YI A ZAURE

Washegari aka tara dangi. Kawunmu, wanda shi ne babba, ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Wagga yarinya ba ciwo gare ta ba, iskanci na! A kai ta gidan mari a sa mata sasari, in ta sha bulala ta bari."

Yayarmu, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta durƙusa ta ce, "Kawu, Allah shi ba ka haƙuri. Bulala ba ta fitar da abin da ya shiga ƙwaƙwalwa. Asibitin Kware ya kamata a kai ta." Ta tuna masa abin da aka gani a shekarar 2019, lokacin da 'yan sanda suka fasa wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane kusan 300, wasu da mari a ƙafa, jikinsu duk tabon duka, sannan aka sake gano irinsu a Daura da Katsina.

Inna kuwa kuka kawai take yi tana cewa, "Ni dai ɗiyata nika so ta rayu. Ku hwaɗa min mi za a yi."

'Yan'uwa, wannan gardama ta zaurenmu ita ce ake yi a duniya baki ɗaya, har tsakanin manyan likitoci. Shi ya sa na zauna na bi diddiginta.

SHIN CUTA CE?

Masu cewa cuta ce suna da hujja. Tun 1956 ƙungiyar likitocin Amurka ta amince cewa jarabar giya rashin lafiya ce, daga baya masana suka faɗaɗa maganar zuwa sauran ƙwayoyi. Bayaninsu shi ne, akwai sashen ƙwaƙwalwa da yake sa mutum jin daɗi in ya ci abinci ko ya ga masoyinsa. Ƙwaya tana buga wannan sashe da ƙarfin da ya wuce kima, har ƙwaƙwalwa ta saba. In ta saba, abin da ya ishe ki jiya ba zai ishe ki yau ba. In kuma kika tsaya, sai jiki ya yi bore: zufa, amai, zawo, ciwon gaɓoɓi, rashin barci. Ƙanwata ta ce mini, "Yaya wallahi na daɗe da daina jin daɗinta. Ina yi ne kawai don in iya tashi tsaye kamar kowa."

Amma masu ja da wannan magana su ma ba a banza suke ja ba. Suna kawo misalin sojojin Amurka da suka yi yaƙin Biyetnam. Da yawansu sun kamu da hodar heroin a can, amma binciken da wata masaniya mai suna Lee Robins ta yi ya nuna cewa da suka koma gida cikin iyalinsu, mafi yawansu sun bari ba su koma ba. Suka ce ashe ke nan wurin zama da abokai da niyyar mutum suna da babban tasiri. Suna kuma tsoron cewa in aka ce wa yarinya "ke mara lafiya ce", sai ta naɗe hannu ta ce ai ba laifinta ba ne.

Ni dai abin da na fahimta daga jinyar ƙanwata shi ne, kowanne ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. Ƙawayenta uku da ƙafarsu suka shiga, wannan ganganci ne, ba mai wanke su. Ita kuma ta ƙofar magani ta shiga. Amma bayan wata shida duk su huɗun rami ɗaya suke ciki, kuma ba wadda za ta iya fitowa da wa'azi kaɗai ko da duka kaɗai. Mai ciwon suga ma likita yana ba shi magani, amma shi ne zai kama bakinsa. Haka wannan take: tana son magani, tana kuma son niyya.

Kada ku ɗauka mu kaɗai abin ya shafa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ce mutum miliyan 14.3 ne a Nijeriya suka yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda, kuma ɗaya daga cikin kowane huɗu mace ce. Kimanin 80,000 kuma da allura suke yi. Kun kuma tuna yadda kodin ya addabi 'yan matan Arewa, har gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayun 2018.

TO, A BA SU ALLURA KYAUTA?

Nan ne maganar ta fi zafi. Da aka gwada jinin ƙanwata, Allah Ya kiyaye ba ta da ƙanjamau, amma an same ta da ciwon hanta nau'in C. Daga ina? Daga allurar nan ta karo-karo. Ɗan jinin da yake saura a cikin sirinji, wanda ido ma ba ya gani, ya isa ya ɗauki cuta daga jiki zuwa jiki.

Yayarmu ta numfasa ta ce da yaran nan suna samun sabuwar allura kowa da tata, da ba a kai ga haka ba. Ta ba mu labarin wani shiri da aka fara a birnin Amsterdam na ƙasar Holan a 1984: mai yin allura ya kawo tsohuwa, a ba shi sabuwa kyauta, a gwada jininsa, a yi masa nasiha, in ya yarda a haɗa shi da asibiti. A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara binciken da aka yi a ƙasashe da dama, ta ce shirin yana rage yaɗuwar ƙanjamau, kuma ba a ga ya ƙara yawan masu shaye-shaye ba. A nan Nijeriya ma, a 2020 an fara gwajinsa a jihohi uku: Gombe da Oyo da Abiya.

Kawu ya zabura ya ce, "Subhanallahi! Ke nan gwamnati ta miƙa ma ɓarawo tsani? Wanga ai taimakon saɓo na!" Kada ku yi saurin ganin baƙinsa. Mutane da yawa haka suke gani, har a Amurka, inda majalisa ta hana kashe kuɗin gwamnatin tarayya a kan shirin a 1988, aka shafe shekaru ana kai ruwa rana. Tsoronsu shi ne kada yara su ɗauka an halatta abin, kada kuma unguwa ta zama matattarar 'yan ƙwaya. Amma a 2015, da ƙanjamau ta ɓarke a wata ƙaramar gunduma a jihar Indiyana ta kama mutum sama da 200, akasarinsu ta hanyar allura, gwamnan jihar, Mike Pence, wanda da yake adawa da shirin, dole ya ba da izini.

Yayarmu ta ƙara da cewa ba Turawa kaɗai ba ne. Iran da Malesiya, ƙasashen Musulmi ne masu tsananin doka a kan ƙwaya, amma duk sun rungumi shirin, bisa ƙa'idar da malamai suka sani cewa in ɓarna biyu suka haɗu ba makawa, ana ɗaukar mai sauƙin don a kauce wa babbar. Ta ce, "Kawu, wanda yake raye shi ake sa ran ya tuba. Kuma cutar ba a kansu take tsayawa ba. Saurayi mai allura zai auri ɗiyar mutane wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ta ɗauka, jaririnta ma ya ɗauka."

Kawu ya yi shiru ya daɗe. Bai ce ya yarda ba, har yau ma bai yarda ba. Amma da bakinsa ya ce a kai ta Kware, kuma shi ya biya kuɗin mota.

Ni ra'ayina, ba a miƙa allura a juya baya. In za a yi, a yi shi da gwajin jini da nasiha da buɗaɗɗiyar hanyar zuwa asibiti, a kuma sa malamai da masu unguwanni a ciki tun farko. Sannan hukumar NDLEA da masu sa ido kan magunguna su matsa wa masu sayar da fenta ba takardar likita, don a nan ɓarnar take farawa.

Ƙanwata ta yi makonni a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Ta fito, ta zame sau ɗaya, ta sake tashi. Ciwon hantar ma an yi maganinsa, don yanzu akwai ƙwayoyin da suke warkar da nau'in C cikin kamar wata uku. Auren dai ya fasu, dangin yaron sun karɓi kayansu. Ta yi kuka, mun yi kuka, amma ta koma makaranta. Ɗaya daga cikin ƙawayen nata kuwa iyayenta sun ɓoye ta a ɗaki don gudun abin kunya, har yau ba a kai ta ko'ina ba.

Daga ƙarshe ƙannena, ga kirana gare ku. Kada ki yarda kowa ya yi miki allurar kashe ciwo sai da takardar likita. Kada ki karɓi "ɗan abin sa nishaɗi" a gidan biki ko a ɗakin kwanan makaranta, ko daga hannun wanda ya ce yana son ki. In kuwa kin riga kin faɗa, kada ki taɓa haɗa allura da kowa, ki je a gwada jininki, ki kuma faɗa wa wata babba da kika amince da ita tun yau. Ku kuma iyaye mata, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ina jiran wasiƙunku: cuta ce ko iskanci? A ba su allura ko a hana? Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya tsare mu da sharrin zamani, amin.