Ko Ka Sani? Na'urar da Ke Ɗauko Murya Daga Nesa Ta Sa a Kunnen Mai Raunin Ji

Ko ka san cewa na'urar ƙara ji, wadda ake maƙalawa a bayan kunne, komai tsadarta da ƙwarewar wanda ya ƙera ta, ƙarfinta bai cika wuce mita 2 ba? A cikin wannan tazara tana aiki yadda ake so. Da mai magana ya ƙara matsawa, sai ta fara gazawa, kuma ba laifinta ba ne. Haka sauti yake: a fili, duk lokacin da tazarar da ke tsakaninka da mai magana ta ninka, ƙarfin muryarsa yakan ragu da kimanin desibel 6. Hayaniyar wurin kuwa ba ta raguwa. Fanka na nan tana juyawa, janareta na ruri a waje, yara na wasa, bango na mayar da amo. Makirufon da ke jikin na'urar yakan kwashe su duka ya ƙara musu ƙarfi tare da muryar da ake son ji.

Shi ya sa za ka ji mai amfani da na'urar yana cewa, "Ina jin ana magana, amma ba na gane abin da ake faɗa." 'Yan gida kan ɗauka ƙara murya ne magani, sai a ƙure talabijin har maƙwabta su san tashar da ake kallo, shi kuwa bawan Allah bai ƙaru da komai ba. Abin da ya dame shi nisa ne da hayaniya. Maganinsa a ɗauko sautin daga inda ya fito, a tsallake ɗakin gaba ɗaya, a ajiye masa shi a kunne. Wannan shi ne aikin na'urar miƙa sauti marar waya.

Wadda aka fi sani a cikin irin waɗannan na'urori 'yar ƙarama ce, ana rataya ta a wuya ta sauka a ƙirji. Kamfanin Oticon na ƙasar Denmak ya fito da tasa a 2007, sauran kamfanoni irin su Phonak na Suwizalan suka biyo baya da nasu. Wayar hannu ko kwamfuta kan aika mata sauti ta Bluetooth, daga nisan da ya kai mita 10, ita kuma ta miƙa shi ga na'urorin da ke kunnuwa biyu. Mai karatu zai iya tambaya: tun da wayar tana da Bluetooth, me ya hana a sa shi kai tsaye a cikin na'urar kunnen a huta da rataye-rataye? A nan gizo ke saƙa, kuma dalilan biyu ne.

Na farko batir. Na'urar ƙara ji ta wancan lokaci tana rayuwa ne a kan ɗan ƙanƙanin batir mai aiki da zinki da iska, wanda ba ya fara aiki sai an ɓare takardar da ke bayansa iska ta shiga. Mai lamba 312, wanda ake gane shi da takarda ruwan ƙasa, faɗinsa bai kai milimita 8 ba, amma ana son ya yi kwanaki yana aiki daga safe har dare. Yana iya yin haka ne saboda na'urar wuta kaɗan take ja. Bluetooth na wancan zamani kuwa, wanda injiniyoyin kamfanin Ericsson na Suwidin suka fara ƙirƙira a 1994, an yi shi ne don wayoyi da kwamfutoci masu manyan batura. Abin da yake ja ya ninka na na'urar kunne sau da yawa, da an haɗa su da batirin ya mutu cikin 'yan sa'o'i.

Dalili na biyu ya fi ban sha'awa, domin shi kan mutum ne da kansa. Bluetooth yana tafiya a zangon gigahaz 2.4, kusa ƙwarai da zangon da na'urar ɗumama abinci ke amfani da shi, kuma ruwa yana shanye irin wannan zango. Jikin ɗan Adam kuwa fiye da rabinsa ruwa ne. Saƙon da ya isa kunnen dama da wuya ya ratsa kai ya isa na hagu. Sai injiniyoyi suka koma ga maganaɗisu. Igiyar da ake rataya na'urar da ita ba igiya ce kawai ba, akwai waya a cikinta, eriya ce. Tana samar da wani rarraunan filin maganaɗisu a kewayen wuya da kai, wanda ke ratsa nama da ƙashi ba tare da ya raunana ba, kuma karɓarsa ba ya cin wuta. Iyakarsa dai ba ta kai mita 1 ba, shi ya sa dole a rataya ta a jiki. Ke nan aikinta aikin tafinta ne: ta saurari waya da harshen Bluetooth, ta juya ta faɗa wa na'urar kunne da harshen maganaɗisu, kuma nauyin babban batir yana kanta. Wanda ya cire igiyar ya jefa na'urar a aljihun wando, ya ga sauti na yankewa, to eriyar ya nisanta daga kunnensa.

Abin da ke isa kunnen ba irin wanda abin sauraren kunne na kasuwa ke bayarwa ba ne. Raunin ji ba ya zuwa bai ɗaya. A wurin tsofaffi da waɗanda ƙarar injuna ta lalata wa kunne, siraran sautuka ne ke fara ɓacewa, irin su "s" da "f" da "sh" da "ts", waɗanda su ne ke bambanta kalma da kalma. Idan ƙwararren ji ya gwada kunnen mutum, yakan saita na'urarsa ta ƙara ƙarfi a daidai inda ya rasa, ta bar inda yake da lafiya. Sautin da aka miƙo daga waya ko rediyo yana bi ta wannan saiti kafin ya fita. Kiran waya kuma, maimakon kunne ɗaya, yana shiga duka biyun, kuma ƙwaƙwalwa ta fi gane magana idan ta samu daga ɓangarori biyu. Yawancin na'urorin kan rage ƙarfin makirufonsu a lokacin, ba sa kashe shi ɗungurungum, domin mutum ya ji idan an yi sallama ko mota ta yi hon.

Akwai ta talabijin, wadda ita ba a rataya ta. Ɗan akwati ne da ake jonawa a bayan talabijin, yana watsa sauti a cikin ɗaki zuwa kimanin mita 15. Abin da ya fi wahalar da masu ƙera ta shi ne jinkiri. Bluetooth na yau da kullum yakan makara da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, wani lokaci har ninkin haka. A kiran waya ba wanda zai lura. A talabijin kuwa, leɓen mai karanta labarai zai riga muryarsa, kuma mai raunin ji yana dogara da kallon leɓe fiye da yadda shi kansa yake zato. Bayan haka, idan sauran iyali suna sauraro ta lasifika, zai ji magana sau biyu, ɗaya ta iska ɗaya ta na'ura, kamar amsa-kuwwa. Don haka kamfanoni suka ƙirƙiro hanyoyinsu na watsawa masu gajeren jinkiri. Abin lura ga mai haɗawa: a talabijin da yawa, da ka soka waya a ramin abin sauraren kunne sai lasifika ta yi shiru, kowa ya rasa. Ramin da ke fitar da sauti ta wayar haske ba ya yin haka. Da shi kowa zai ji a ƙarfin da ya dace da shi, kuma tsohon da ya daina zama kallo tare da jikokinsa don gudun a ce ya cika ƙure murya zai dawo falo.

A ganina, wadda ta fi dukkansu amfani ita ce ƙaramin makirufo da mai magana ke maƙalawa a wuyan rigarsa. Malami yana gaban allo, ɗalibi yana layin baya, amma makirufon yana ƙasa da taƙi ɗaya daga bakin malamin, muryar tana zuwa kunnen yaron kamar a gefensa ake magana. Wasu kan kai mita 20 idan babu shamaki. An daɗe ana amfani da irin wannan tsari a makarantu ta zangon FM, kafin Phonak ya fito da nasa na zamani mai suna Roger a 2013. Yaron da ke koyon magana da karatu ba shi da tarin kalmomin da zai cike gurbin abin da bai ji ba, kamar yadda babba ke yi. Kalmar da ta wuce shi ta wuce ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 430 ne ke da raunin jin da ke buƙatar kulawa, miliyan 34 daga cikinsu yara ne, kuma kusan kashi 80 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. A yankinmu, inda sanƙarau da ƙyanda da ciwon kunne mai ruwa ke barin yara da nauyin kunne, sau da yawa akan yi wa irin wannan yaro kallon daƙiƙi a aji, alhali magana ce ba ta isa gare shi.

Fasahar ba ta tsaya a rataye ba. A 2014 kamfanin ReSound na Denmak da Starkey na Amurka suka fito da na'urorin da ke karɓar sauti kai tsaye daga iPhone, ta wani nau'in Bluetooth mai ƙarancin cin wuta. Google ya kawo irinsa mai suna ASHA a Android 10 a 2019. Phonak ya bi wata hanya, ya ƙera ƙwaƙwalwar na'ura da ke iya ɗaukar Bluetooth na yau da kullum. Amma jikin mutum bai canza ba: idan waya tana aljihun baya, musamman a fili inda babu bangon da zai dawo da saƙon, sauti yakan riƙa tsinkewa. Kuma ba kowace wayar Android ce ke da ASHA ba, musamman masu sauƙin kuɗi. Wanda ke da irin wannan waya, ko rediyo, ko tsohuwar kwamfuta, har yanzu yana buƙatar mai shiga tsakani, sai dai na yanzu ya ƙanƙance, a riga ake maƙala shi.

Akwai abin da ba na jin daɗinsa a wannan harka. Kowane kamfani ya kulle kayansa. Na'urar miƙa sauti ta Oticon ba ta magana da na'urar kunne ta Phonak, wani lokaci ma tsohon samfurin kamfani ɗaya ba ya aiki da sabonsa. Ana sayar da su daban, a kan ɗaruruwan daloli, ga wanda ya riga ya zuba kuɗi mai yawa a kan na'urar kunnen. Mutum ya canza kamfani, duk abin da ya tara ya zama tarkace. Ji ba kayan ƙawa ba ne da za a riƙa yi masa haka.

Hanyar da ba ta san kamfani ba kuwa ta girmi duk waɗannan. A 1937 Joseph Poliakoff ya yi rajistar fasahar zagayen maganaɗisu a Ingila, a 1947 kuma Samuel Lybarger a Amurka ya sa ɗan naɗin waya na jan ƙarfe a cikin na'urar ƙara ji domin sauraron tarho. Shi ne saitin da ake yi wa alama da harafin T. Idan aka zagaye ɗaki da waya aka jona ta da makirufo, duk mai wannan naɗi zai ji kai tsaye, ko wane kamfani ya yi na'urarsa. Alamar kunne mai harafin T da ake gani a coci-coci da bankuna da tashoshin jirgi a Ingila, har da motocin tasi na Landan, abin da take nufi ke nan. Ana kuma sayar da zagayen wuya mai Bluetooth da ke aiki da wannan saiti, a farashi mai rahusa. Aibinsa shi ne yakan kwaso gurnanin wayoyin lantarki, kuma sauti iri ɗaya yake ba kunnuwan biyu. Duk da haka, ga wanda ya samu na'urarsa ta hanyar tallafi ko ya saya ta hannu, sau da yawa wannan ce ƙofar da ke buɗe masa.

Sabon abin da ake sa rai a kansa shi ne Auracast, wani ɓangare na sabon tsarin sauti na Bluetooth da aka sanar a 2020 aka kammala a 2022. Shi watsawa yake yi kamar gidan rediyo: na'ura ɗaya ta aika, duk wanda ke wurin ya kama, babu iyakar adadi, babu haɗa na'ura da na'ura, kuma ma'auni ɗaya ne ga dukkan kamfanoni. ReSound ya fara sa shi a na'urorinsa a 2023, kuma a 2025 gidan wasannin Opera na birnin Sidni a Ostareliya ya girka shi a wasu daga cikin zaurukansa. Duk wanda ya taɓa zama a babban masallaci ranar Juma'a, lasifikoki da yawa suna maimaita huɗuba kowace da nata jinkirin, zai gane abin da wannan zai yi wa dattijon da ke da na'ura a kunne. Sai dai zai ɗauki shekaru kafin ya wadata, don haka masana ke ba da shawarar kada a yi gaggawar watsar da saitin T.

Mai shirin saye, ko don kansa ko don mahaifinsa, ya fara da gwajin ji a wurin ƙwararru, a sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa ko a Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Ya tafi da wayar da za a riƙa amfani da ita, a haɗa a gabansa, a kira shi ya ji da kunnensa. Ya tambaya ko na'urar tana da saitin T, kuma ko an kunna shi, domin akan bar shi a kashe. Ya san cewa miƙa sauti yana cinye batir da sauri fiye da sauraro na yau da kullum, kuma ita na'urar miƙawar tana son caji kusan kullum, abin da ya kamata a yi wa tanadi inda wuta ba ta tsayawa. Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya kuma ya nemi shawarar likitansa kafin ya rataya mai maganaɗisu a ƙirji, domin masu ƙera ta da kansu sun yi gargaɗi a kan haka.