Yadda Ake Gane Shekarun Tsohuwar Sufana

Masu tara tsofaffin kayan kanikanci ba sa karɓar tsatsa a matsayin shaidar tsufa, kuma suna da gaskiya, domin damina ɗaya ta isa ta tsofar da sabuwar sufana. Abin dogaro shi ne rubutun da aka buga a jikin ƙarfen. Sufanar da ke ɗauke da sunan Jamus ta Yamma ba ta riga 1949 ba, kuma ana ɗauka ba ta wuce 1990 ba. Wani zai ce masana'anta na iya ci gaba da buga tsohon tambari bayan haɗewar Jamus a 1990. Haka ne, shi ya sa ake neman shaida ta biyu, kamar shafen ƙarfen: a Amurka an taƙaita amfani da kurom lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sufanu da yawa suka fito ba ƙyalli.