Bashin Banki da Arzikin Ƙasa: Inda Najeriya Ta Tsaya

Masana tattalin arziki kan haɗa dukkan bashin da bankunan ƙasa suka ba 'yan kasuwa, masana'antu da ɗaiɗaikun mutane, su gwada shi da darajar abin da ƙasar ta samar a shekara. Bankin Duniya na fitar da wannan ma'auni duk shekara. Amfaninsa shi ne nuna ko kuɗin da jama'a ke ajiyewa a banki na komawa hannun masu noma, ƙira da fatauci.

A Najeriya adadin ya daɗe ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, alhali a ƙasar Sin ya haura kashi 150.

Babban dalilin ƙarancinsa a Najeriya shi ne gwamnati ma mai neman rance ce. Banki na sayen takardun lamuninta ya samu riba mai kauri ba tare da fargabar asara ba, don haka ba ya ɗokin ranta wa mai injin casar shinkafa. A 2024 kuma Babban Bankin Najeriya ya ɗaga kason ajiyar da bankunan kasuwanci za su jingine a wurinsa zuwa kashi 50, domin yaƙi da tsadar kaya.

Sai batun jingina, wanda ya fi taɓa talaka. Ɗan kasuwar Kantin Kwari na iya juya atamfar miliyoyi a wata, amma idan gidansa na gado ne ba shi da takardar mallaka da gwamna ya sa wa hannu, banki ba zai saurare shi ba. Sai ya koma adashe ko karɓar kaya bashi daga uban gida, kuma duk wannan ba ya shiga lissafi. Wasu kuwa gudun kuɗin ruwa ne ya nisanta su daga banki, gurbin da bankin Jaiz ya fara cikewa a 2012.

Hauhawar adadin ma ba kullum alheri ba ne. Bayan haɗe bankuna 89 zuwa 25 a 2005, bashi ya kwarara cikin hannun jari da harkar man fetur. Da kasuwar hannun jari ta rushe, a 2009 Babban Bankin ya sauke shugabannin wasu bankuna, ya zuba naira biliyan 620 don ceto bankunan, aka kafa hukumar AMCON a 2010 ta saye bashin da ya maƙale.