Yadda Faɗuwar Kasuwar Amurka Ta Taɓa Rumbunan Ƙasar Rano

'Yan makarantar sakandare masu karatun tarihin Amurka sukan iske zamani uku a jere: na wadata, na tsanani, da na yaƙi. Ƙasar Rano da Kibiya ma ta ɗanɗani ukun nan.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa. Manoman garuruwa irin su Yalwa suka ƙara gonakinta, domin da kuɗinta ake biyan haraji.

A watan Oktoba na 1929 kasuwar hannun jari ta New York ta faɗi. Zuwa 1933 kusan rubu'in ma'aikatan Amurka ba su da aiki. Ciniki ya mutu har Turai, kuɗin gyaɗa ya karye a Kano, haraji kuwa bai sauka daidai da shi ba. Talaka ya buɗe rumbu, ya sayar da hatsi ya biya.

Amurka ta shiga yaƙin Hitila a 1941, masana'antunta suka farfaɗo. Jiragenta suka riƙa sauka Kano. Nan kuwa aka kwashi samari zuwa Bama, gishiri da yadi suka yi tsada.

To, fatake da manoma, a lura: kuɗin gyaɗa a nesa ake yanka shi. Kada kwaɗayinsa ya sa a bar rumbu wayam.